Zoɓon da Ya Ci Mana Ɗakin Gwaji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ilimin kimiyya a yammacin Kano ya dogara kacokan a kan kofunan silba uku, kuma ni aka damƙa wa amanarsu.

Ina koyar da kemistiri a wata sakandare can wajen Beli. Shekara shida ina zana kwalaben gwaji a allo, yara suna kwafa. Sai labari ya zo cewa masu duba makarantu za su zo daga Kano su zaɓi makaranta ɗaya da za a gina wa ɗakin gwaji, kuma darasina za su kalla: asid, bes da gishiri.

Ba mu da takardar litmos mai canza launi ta bambance asid da bes, amma na yi karatu (abin da ya jawo mini ke nan). Zoɓo yana yin aikinta: ka matsa masa lemon tsami ya ƙara ja, ka sa masa kanwa ya koma kore mai duhu. Na haɗa kofi uku, ɗaya zalla, ɗaya da lemo, ɗaya da kanwa, na rufe, na ajiye a kan faranti a ofishin malamai, na tafi share allo.

Shugaban makarantarmu mutum ne mai karamci. Ya ga baƙi sun sha hanya, ya ga faranti. Su kuma mutanen kirki ne, ba sa leƙa abin da aka miƙa musu.

Haka na tsaya gaban aji hannu rabbana, ina kwatanta launuka da baki. Babba a cikin baƙin, wani dattijo mai farin gilashi, ya ɗaga hannu kamar ɗalibi.

"Malam, wanda ake sa wa kanwar, ɗanɗanonsa fa?"

"Ai ba a sha, ranka ya daɗe."

"To. Kamar cokali nawa ka zuba?"

"Uku. Manya."

Ya dafe ciki, ya juya wajen shugaba a natse: "Alhaji, ina makewayinku?"

Shugaba ya dube ni, na dubi allo. Yara sittin suka nuna masa gonar dawa ta taga.

Na koyi cewa a ƙasar da ake girmama baƙo, duk gwajin da ya yi kama da abin sha sai an tsaya a kansa da sanda. Ɗakin gwajin dai wata makaranta aka ba, har yau kwalabena na alli ne.

Mu kuma bayan shekara ɗaya aka gina mana makewayi.