Yadda Na Kusa Zama Sakataren Mazaɓa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba, ko da yake an daɗe, ƙila wasu abubuwan sun cakuɗe mini.

Lokacin soja na shirin miƙa mulki, ni kuma na gama digiri da bautar ƙasa, ina zaune a gida a Ƙofar Durbi. A iya sanina, ba ƙin mutane nake ba. Gaisuwa ce ke ba ni tsoro. Ana fara ta da gajiya da mutan gida, a ƙare da batun aikin da ban samu ba. Shi ya sa nake bin lunguna, nake sallah a sahun baya kusa da takalma.

Ranar, bayan la'asar, na hango wani abokin karatuna yana tahowa (mutumin kirki ne, sai dai in ya kama hannu ba ya saki). Na faɗa zauren farko da na gani a buɗe. Ashe a cike yake, ana ta musu. Na ga fita za ta fi jawo ido, sai na zauna a bakin tabarma na sunkuyar da kai.

A hankali na gane taron jam'iyya ne, an rabu biyu kan wanda zai zama sakataren mazaɓa. Can sai wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda ke jagorantar zaman, ya nuna ni. Ya ce ga ɗan Malam mai digiri, ba a taɓa ganin shi da kowa ba, don haka ba ya ɓangaren kowa. Aka bincika, ba a samu wanda ya taɓa hira da ni ba. Nan take ɓangarorin biyu suka amince, aka shafa fatiha.

Aka ce in tashi in yi jawabi. Na yi godiya, na ce zan yi ƙoƙari daidai gwargwado, in ba a samu wanda ya fi ni ba. Sai na ga bai dace in karɓi amana ban tantance ba.

Na ce, “Alhaji, a gafarce ni, wace jam'iyya ce wannan?”

Alhaji ya dube ni, ya dubi tutar jam'iyyar da ke rataye daidai saman kaina.

“To mi ya kawo ka, ɗan Malam?”

Na faɗi gaskiya, na ce gaisuwa na gudo wa. Wani dattijo ya nemi a janye fatihar.

Kafin magariba labari ya zaga unguwa. Mutanen da ba su san da ni ba suka fara tsayar da ni a hanya, har 'yan acaɓa, suna tambaya ko na gano sunan jam'iyyar. Abin da na koya (in har na koyi wani abu) shi ne, wanda ba a taɓa jin bakinsa ba, maganarsa ta farko ba a manta ta.

Duk wanda yake zauren ranar, in ya ga na yi kuskure, don Allah ya gyara mini. Amma ya aiko a rubuce, ba sai ya wahalar da kansa ya zo ba.