Alhajin da Ya Karɓi Takardar Hafiza

Ranar Litinin ta makon jiya, wajen ƙarfe goma na safe, wayata ta sanar da ni cewa na karɓi saƙo. Ina cikin shagona a lokacin, ina jera fulogan babur a kanta. Na duba hannun dama, na duba na hagu, na leƙa ƙarƙashin benci, ban ga komai ba. Rubutun da Faransanci yake, gajere kuma cikin ladabi: an kai, an karɓa, an sa hannu, kamfani yana gode mini da amincewar da na yi masa.

Ku da kuka saba karanta wannan shafi kun san ni ba mai ƙaryata manya ba ne. Idan na'ura ta ce na karɓa, kaina nake fara zargi. Na kira gida na tambayi Sa'adatu, uwar 'ya'yana, ko wani ya kawo ambulan. Ta ce tun safe ba wanda ya yi sallama sai mai gawayi.

Abin da ke cikin ambulan ɗin ba zinariya ba ce, takarda ce guda. 'Yata Hafiza ta yi shekara uku a Garwa tana karatun ungozoma, tana zaune a gidan ƙanena Mustafa. Ta gama ta dawo Bangui, amma takardar shaidar ba ta fito ba sai bayan wata takwas. Ana haka sai wani asibitin haihuwa a cikin gari ya ce zai ɗauki ungozoma biyu, a kai dosiye, wato takardun neman aiki, kafin ƙarfe goma sha biyun ranar Juma'a, kuma sai an nuna takarda ta asali, kwafi ko da hatimi goma ba sa so. Mustafa ya karɓo ta daga makaranta, ya sa a leda, ya sa ledar a ambulan, ya kai wa wani kamfanin aika saƙo. Ba zan faɗi sunansu ba. Zanen walƙiya ne a ƙofarsu, sai mu kira su Walƙiya. Kwana huɗu suka yi alkawari. Ranar Litinin ɗin nan kwana goma sha ɗaya ke nan, ban kuma yi ƙorafi ba, don na san hanyar kan iyaka, na kuma san damina.

Na rufe shago na hau moto, wato babur ɗin haya, zuwa ofishinsu a cikin gari. Ofishi ne mai sanyi, da hoton jirgin sama a bango, duk da ban taɓa jin wanda ya ga kayansu a wani abu da ya wuce bayan babbar mota ba. Bayan na zauna awa guda aka shigar da ni gaban Mai Girma Shugaban Reshe, wanda ma'aikatansa ke kira Shef. Mutum ne mai fara'a da taye. Ya juyo mini da fuskar kwamfuta, ya ɗora biro a kan wani layi, ya ce in gani da idona: an kai ƙarfe tara da minti arba'in, wanda ya karɓa kuma Alaji.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban je Makka ba tukuna."

Ya yi mini addu'ar Allah ya nufe ni da zuwa. Na tambaye shi wane Alhajin. Ya ce wannan harka ce ta cikin unguwa, kamfani ba ya shiga tsakanin maƙwabta. Na yi masa bayani a hankali cewa daga masallacin Koudoukou zuwa Yakité, idan ka tsaya ka ce "Alhaji" da ɗan ƙarfi, ciniki ne zai tsaya gaba ɗaya saboda masu waiwayowa. Ya gyaɗa kai, ya ce ai laifin adireshinmu ne, ya karanta mini abin da Mustafa ya rubuta: Abdurra'uf mai kayan babur, Kilomita Biyar, bayan masallaci, layin masu katifa, kusa da bishiyar mangwaro.

A nan sai na ba shi gaskiya kaɗan, don mangwaron shekara huɗu ke nan da sare shi. Amma mu mun san inda yake tsaye a da, kuma har gobe da shi ake kwatance. Ba kuma don ba mu son sunan titi ba ne. Sau biyu a rayuwata masu girma, iyayen talakawa, Allah ya ƙara musu lafiya, suka zo layinmu don su raɗa masa suna. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an yi jawabi, an ja kyalle daga kan allo, an tafa. Allon farko yanzu shi ne murfin akurkin kajin wani maƙwabcina. Na biyu bai kai ga fenti ba. Wata tawaga ta rubuta 47 a ƙofar gidana, bayan shekara biyu wata ta zo ta rubuta 212 a ƙasansa. A cikin gidajen biyu nake zaune, ba wanda ya taɓa nemo ni a ko ɗaya.

Na roƙi Shef ya haɗa ni da mai babur ɗin da ya kai saƙon. Ya ce kekereke. Masu karatu na nesa da ba su jin Sango, ma'anarta gobe. Ranar Talata na dawo, aka ce mai babur ɗin ya tafi layin sayen mai. Ranar Laraba aka ce yana nan a layin. Sai na tambayi wane gidan man, na bi shi can.

Na same shi zaune a kan babur, shi ne wajen na sittin a layi, ya rufa hula a fuska. Sunansa Umaru, magidanci ne da furfura a gemu, ba ya jin Hausa, sai muka yi da Sango. Ban sha wahalar tambaya ba. Ya ce man da kamfani ke ba shi a rana ba ya isa ya shiga lungunan Kilomita Biyar yana neman bishiyar da ba ta nan, ga kuma sauran unguwanni suna jira. Don haka duk abin da aka rubuta wa PK5, wato Kilomita Biyar ɗin, yakan ajiye shi wurin wani dattijo mai sayar da sukari da fulawa a bakin babban titi, shago mai koriyar ƙofa. Sunan dattijon bai sani ba. Ya ce mutumin kirki ne, har ruwa yake ba shi. Na tambaye shi ko Shef ya san da haka. Ya ce Shef bai taɓa tambaya ba, shi dai yana son ya ga layin ya koma kore a kwamfuta kafin a tashi.

Da yammacin Larabar ni da Hafiza muka bi babban titi muna duba ƙofofi. Shagunan sukari masu koriyar ƙofa uku ne. Alhajin farko bai san zancen ba, amma sai da ya sa muka sha shayi. Na biyu wata biyu yana Duwala. Na uku, shagon Alhaji Siddiq, a kulle da kwaɗo biyu. Maƙwabta suka ce ya tafi ta'aziyya wajen gari, wayarsa ba ta shiga, sai Allah ya dawo da shi.

Muka kama hanyar gida. Dosiyen nan tun makon da ya wuce Hafiza ta haɗa shi, hotuna, takardar haihuwa, wasiƙar neman aiki da ta rubuta sau uku da hannu, komai yana cikin jakar roba mai maɓalli, ta bar wuri ɗaya a gaba. Kayan da za ta sa ma ta goge ta rataye. Sa'adatu ta ce kwana biyu ke nan tana mayar da abincinta yadda aka zuba. Da muka kusa ƙofa sai Hafiza ta tsaya. Idan ranta ya ɓaci Hausa takan kuɓuce mata ta koma Sango, amma wannan da Hausa ta faɗa.

"Baba, in ba a samu ba, kada ka gaya wa Baffa Mustafa. Zai ce shi ne ya ɓata mini shekara uku."

Na ce mata za a samu. Ban san da me na dogara ba.

Ranar Alhamis na koma wurin Mai Girma don in cike takardar ƙorafi, ko ba komai in ce na yi wani abu. Ya ce da farin ciki zai ba ni, sai dai takardar ƙorafi ta waɗanda ba a kai musu saƙo ba ce, nawa kuwa an kai. Ya sake juyo mini da kwamfutar. Na yi masa godiya. Abin a yaba ne, kamfanin da ya kai matsayin da ba shi da mai ƙorafi ko ɗaya.

Juma'a da safe, ƙarfe tara saura, muka tarar da Alhaji Siddiq yana buɗe kwaɗo, ƙurar tafiya ba ta ma bar takalminsa ba. Dattijo ne ɗan shekara saba'in da huɗu, tun ina saurayi na san shi a wannan shagon. Muka gaisa, muka yi masa gaisuwar rashi, sannan na faɗi abin da ya kawo mu. Ya ce ƙwarai, akwai wani bawan Allah mai babur da yakan kawo kaya ya ce na maƙwabta ne, a riƙe musu, shi kuma ya sa hannu. Kusan shekara biyu ke nan. Ya ce shi ba ya karanta boko, ya ɗauka ana sanar da masu kayan, don jefi-jefi wani yakan zo ya karɓa.

Ya kai mu bayan shago, ya yaye wani tanti. Ashe ya ɗora kayan a kan katako don kada lema ta taɓa su, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Kwali, buhu, ambulan, sun haura arba'in. Ko ɗaya bai buɗe ba.

Ya ce, "Malam Abdurra'uf, abin nan ya daɗe yana damuna. Har na tara 'ya'yana na ce musu in na mutu, wannan ba gado ba ne, amana ce. Amma ban san amanar wa ba."

Hafiza ta durƙusa tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu daga sama ne, da rubutun baffanta a kai, a bushe, ko kusurwa bai lanƙwashe ba. Ta buɗe ta ga sunanta, ta riƙe takardar da hannu biyu kamar za ta zube, ta ce wa Alhaji singila, godiyar Sango, sau uku, sannan ta tuna ta yi masa godiya da Hausa. Na tare mata moto. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin ta miƙa dosiye. Ta ce mai karɓar ya kalli takardar ta asali kamar na daƙiƙa biyu, ya mayar mata, ya riƙe kwafin.

Bayan an sauko daga Juma'a Alhaji ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar shago, aka fito da kayan, Hafiza ta tsaya tana karanta sunaye. Labari ya zaga unguwa kafin ta kai na goma. Abdulsamad tela ya samu ƙarfen keken surfanin da ya yi oda don Sallar bara, ya riga ya sayar da keken. Wata Ikilima ta karɓi kayan suna da yayarta ta aiko daga Yamai, jaririn da aka yi wa ɗinkin da ƙafarsa ya tako wurin. Aka yi ta dariya, wasu suna cewa sun daina gaisawa da 'yan'uwansu don sun zaci ƙarya aka yi musu ba a aiko da komai ba.

Sai Hafiza ta karanta sunan Malam Zayyad na Yakité. Malam Zayyad kuwa ya rasu daminar bara, bayan doguwar jinya. Aka aika aka kira matarsa Nuriyya. Ƙaramin kwali ne, ɗansu ya aiko daga Kano, magani ne a ciki. Ta juya shi a hannu, ta ce wa Hafiza ta karanta mata ranar da ya iso. Hafiza ta karanta. Wata biyu ne kafin rasuwar. Ni ba likita ba ne, ban ce maganin zai ƙara masa ko kwana ɗaya ba, kwanan watan kawai na ji. Nuriyya ta ce Allah ya saka wa Alhaji da ya adana, ta sa kwalin cikin mayafi ta tafi. Alhaji Siddiq ya shige bayan shago, bai fito ba sai da aka kira la'asar.

Labarin ya kai kunnen Mai Girma. Ranar Talata sai ga shi da kansa a Kilomita Biyar, cikin mota mai zanen walƙiya, kuma ta gano shagon ba tare da adireshi ba. Alhaji ya zaci ban haƙuri aka zo, har ya sa aka kawo kujera da ruwa, yana shirin cewa a je gidan Nuriyya tukuna. Shef bai zauna ba. Ya sa aka buga allo a saman koriyar ƙofar, an rubuta da Faransanci cewa nan ne wurin karɓar saƙo na kamfani a unguwa. Ya yi gajeren jawabi a kan kusanto da aiki ga jama'a, ya ɗora wa Alhaji hular kamfani a kan tasa hular, aka ɗauki hoto, aka tafi. Ba wanda ya tambayi Alhaji ko yana so. Ba a kuma ambaci albashi ba.

Jiya na wuce na ga Umaru yana sauke kwalaye a ƙarƙashin allon, Alhaji yana sa hannu. Yanzu dai yakan tare duk wanda ya gani da biro a aljihu ya ce ya karanta masa sunan, sannan ya aika a kira mai shi.

Hafiza kuwa tana jira. An ce sunayen za su fito nan da wata guda, mutum ɗari da wani abu suna neman gurbi biyu. Kullum da safe takan duba wayarta kafin ta gaishe mu. Ni dai abin da zan ce wa matasa masu neman aiki, ku daina cewa ba a ɗaukar ma'aikata a garin nan. A idona aka ɗauki ɗan shekara saba'in da huɗu, ba dosiye, ba takarda ta asali, bai ma nema ba.