Ranar da Na Hau Dutsen Kufena Daga Kan Tabarma

Matan Islamiyyar unguwarmu, a Ƙofar Kuyambana, suka gayyace ni in yi musu bayani kan damuwa da lafiyar jiki. Na je da farar rigata ta asibiti, ko da yake babu wadda ta ce in sa. Kwana uku ina shiri, ban yi barcin kirki ba.

Na ce musu ƙwayoyin garkuwar jiki suna da wasu 'yan kunnuwa da suke jin saƙon ƙwaƙwalwa da su. In damuwa ta daɗe sai kunnuwan su toshe, mura ma ta kayar da mutum. Gwaggo Asabe, ƙanwar babana, ta gyaɗa kai, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

"Kowacce ta rufe ido," na ce. "Ki ɗauka kina kan dutsen Kufena bayan an ɗauke ruwa."

Na zauna kan tabarma, ni ma na rufe don in nuna misali. Na ga ciyawa shar, iska tana kaɗa mayafina, shanu can ƙasa ƙanana kamar wake. Har wani gajimare ya sauko ya zauna kusa da ni.

Kiran la'asar ne ya tashe ni, kaina a kafaɗar Gwaggo, mata duk suna kallona.

"Mun bar ki ne," in ji ta. "Munsharin ya fi bayanin ratsa jiki."

Har yau in na gaishe ta sai ta ce, "Likita, kin sauko, ko kina can sama?"