Ƙasar da Ke Zuwa Masallacin Juma'a

Ba zan taɓa mantawa da ranin da aka tura ni Dangora ba, ƙarshen shekarun casa'in, ina sabon ɗauka a wani shirin noman rani. Ogana, Injiniya Sabo, ya miƙo mini wata 'yar na'ura mai auna laimar ƙasa. Ya ce in na sa ta yi magana da kwamfutar ofis aiki ya zama nawa, in na kasa akwai mai jira a Kano.

Na ci alwashin ba inda za ni. Na binne hancinta a gindin darbejiyar bayan ofis (don kada rana ta dafa mini ita), kullum in ciro akwatinta in jona da kwamfuta. Da farko shirme kawai take zubowa, haruffan da ko aljani ba zai karanta ba. Na sauya waya, na rage saurin aikawa, har abincin rana na yafe. Ran da lambobi suka fito tsaf na mayar da su zane, sai da na yi sujada.

Zanen ya zo da abin mamaki. Ana tsakiyar rani, amma kullum laima sai ta tashi da rana, da yamma, da faɗuwar rana. Nan take na yanke hukunci cewa jijiyar ruwa na gano. Na nace aka gayyato Dagaci da manoma, na sha babbar riga.

Ina nuni da biro ina cewa nan za a haƙa rijiya, Dagaci ya matso ya ƙura wa zanen ido.

"Malam, wannan gurbin fa? Me ya hana ruwan zuwa?"

"Ranka ya daɗe, ranar Juma'a ce da rana. Muna kan bincike."

Oga ya cire tabarau a hankali. "Wai ina ma'aikatanmu suke alwala?"

Gindin darbejiya ne. Ni ne ma ladaninsu, kuma a lokacin butata tana can.

Dagaci ya gyaɗa kai. "Madalla. Ashe ƙasarmu har masallacin Juma'a take tafiya."

Manoma suka yi ta dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na ji kamar in shige cikin babbar rigar.

Oga bai kore ni ba. Ya ce na'ura dai ta yi magana, kuma gaskiya ta faɗa. Sai ya sake duba zanen, ya ce daga yau ladan ya daina jinkirta La'asar.

Tun daga ranar, kafin in tambayi kwamfuta abin da ƙasa ke cewa, sai na fara leƙa wanda ke tsugune a kanta.