Ranar da Na Buga wa Baba Alhaji Waya a Sadakar Ukunsa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kira mamaci a waya ba, a ƙofar gidansa, gaban liman da jama'a.

Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta 'yan tsohuwar unguwar Zangouettin, a nan Zongo. Ba don na fi kowa hankali aka ba ni ba, sai don ni ne nake iya buga takarda da yatsu fiye da biyu. Tun da aka rushe unguwar muka watse, kowa ya kama gabansa. Shugabanmu, Baba Alhaji Mamman, tsohon mai sayar da atamfa, ya ƙudurta abu guda kafin ya bar duniya: a rubuta gidajen unguwar lungu-lungu, da masu su, da duk wanda ya rasu a cikinsu. Shekara biyu muka yi, kowace Asabar bayan la'asar, yana faɗa ina bugawa, matarsa Hajiya Asabe tana bayan labule tana gyara masa idan ya haɗa 'ya'yan wani da na wani. Wasiyyarsa ita ce ranar sadakarsa a karanta sunayen nan duka, a yi musu addu'a tare da shi.

Manhajar rubutun da ke tsohuwar kwamfutar ofis ta tsufa, kullum sai ta fito da tallan sabuwa, wadda ake biya wata-wata, kamfanin kuma ya ajiye maka takardunka a rumbunsa na intanet. Abonema dai. Na kwashe makonni ina juya maganar, in ce a koma, in ce a bari, har son burgewa ya yanke mini hukunci. Na kai maganar gaban taro.

"Wato haya za mu shiga?" in ji Baba Alhaji.

"Ba haya ba ce, Baba, abonema ne."

"In ka daina biya fa?"

"Sai su rufe."

"To haya ce, ɗana. Mu da muka kwana a gidan da muka gina da hannunmu, gari ya waye aka ce mu fita, kai kuma za ka kwashi sunayenmu ka kai gidan wani?"

Na yi dariya (irin dariyar nan ta wanda yake ganin ya waye), na shiga zuba bayani rabi Hausa rabi Faransanci. Tsoho ya dube ni ya ce, "Kai ka sani." Ni kuwa na ɗauka na yi nasara.

A al'adarmu ba a buɗe komai da sunan ƙungiya a tsallake babba. Saboda haka da aka nemi lambar waya wajen rajista, cikin ladabi na sa ta Baba Alhaji, mutumin da wayarsa mai madannai ce, kuma ko harafin boko ɗaya bai sani ba. Na kwashe sunayen na tura can, na bayar da tsohuwar kwamfuta aka goge ta tas aka sayar, na sayo ƙarama wadda ake ɗauka a hannu. Na biya wata uku, sai na sake shiga shawara: in ci gaba wata-wata ko in biya na shekara? Aikin sunaye ya riga ya ƙare, ban ƙara buɗe shi ba, ban kuma sake biya ba, gobe ta yi ta haifar gobe. Wata rana ma Baba ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Nasara suna ta aiko mini da rubutu." Ko karɓa ban yi ba. Na ce, "Talla ce, Baba, rabu da su."

Bayan kusan shekara Allah ya yi masa rasuwa. Ranar sadakar uku aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, daidai tagar ɗakinsa, mutanen da suka yi shekaru ba su ga juna ba suka zo daga unguwar Dassasgho da ko'ina. Na iso da babbar riga da kwamfuta a hammata. Ban buga sunayen a takarda ba, don ina so a ga ina karantawa daga allo (Allah ya yafe mini). Liman ya gama karatu, babban ɗan mamacin, Sani, ya ce, "Sakatare, bisimilla."

Na buɗe, sai aka ce in sa lambar sirri da za a aiko wa mai rajista, ta saƙo ko ta kira. Cikin sauri na danna kira, ban ko tsaya tunanin wayar wa za ta yi ƙara ba.

Kayan mamaci ba a taɓa su sai ranar rabon gado. Wayar Baba tana aljihun rigarsa, rataye a ɗakinsa, irin wayar nan da caji ɗaya ke kai ta mako. Kuma saboda nauyin kunnensa ya ƙure mata murya, duk unguwa an san kukanta. Sai ga shi ta ɗauki ƙara ta taga. Wata mata a cikin gida ta rafka salati, 'yarsa ta fashe da kuka tana kiran Baba. Hajiya Asabe, tana cikin takaba, ita ta laluba aljihun mijinta ta ɗauka, ta ji muryar na'ura tana jero lambobi da Faransanci.

Sani ya shiga ya fito da wayar, idonsa jawur. "Ashe kai ne? Kai ka kira Baba?"

Na gyaɗa kai. Ya ajiye mini ita a kan tabarma, na sake neman lambar, na sa. Rumbun ya buɗe wayam. Sai layi biyu da ke cewa wa'adi ya wuce bayan gargaɗi, an share abin da ke ciki.

"Malam sakatare, muna sauraro," in ji liman.

Na ce, "Babu, Malam. Na salwantar da su." Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na gode mata.

Can sai muka ji muryar Hajiya daga bayan taga, a hankali, ta fara daga gidan da ke jikin masallaci. Gida-gida take bi, tana kiran sunaye, tsofaffi suna share hawaye in an zo kan nasu. Ta yi nisa ƙwarai, har ta kai lungun direbobi 'yan Nijar, inda ba ta saba shiga ba. A nan ta ce, "Sauran shi kaɗai ya san su." Liman ya ɗaga hannu ya yi addu'a ga waɗanda aka ambata da waɗanda aka manta. Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni, da na fi samun sauƙi.

Bayan rabon gado Hajiya ta aiko mini da wayar, ta ce a ba sakatare, ai shi ya iya kiranta. Na buɗe na tarar da saƙonnin gargaɗin nan reras, ko ɗaya bai goge ba.

Yanzu kowace Asabar ina yawo da littafin makaranta da biro, ina bin tsofaffi ina roƙon sunaye, kuma har yau lungun direbobi bai cika ba. Abonema kuwa na zama gwanin biya a kan lokaci, ana tsare mini rumbun da ba komai a ciki. Abin da na koya shi ne, in tsohon da aka taɓa rushe wa gida ya kira abu haya, to haya ce, ko da me aka rubuta a jikinsa da Faransanci.