Jan Ƙyalle a Gonar Malam

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na je Gammo gaida Malam ba, mahaifin yarinyar da zan aura, biki saura ƙiris.

A lokacin kamfaninmu ya ba ni aikin zana hanyar da za a binne wayar fayiba ta intanet daga Gwarzo zuwa sababbin ƙarafan sabis na ƙauyukan Kabo. Umarni ɗaya aka ba ni: a rage kashe kuɗi. Ni kuwa wajen tsimi ba daga baya ba. Maimakon in bi titi da kwane-kwanensa, sai na miƙe layi ta cikin gonaki. Turakun alama ma na ce almubazzaranci ne. Na samo karan dawa, na roƙo guntayen jan ƙyalle wurin tela, na rubuta lambobi, na bi ina kafawa (ban tambayi gonar kowa ba, ai injiniya ne ni).

Na tarar da zauren Malam cike da ɗalibansa da maƙwabta, an sauke karatu, ladan yana jan addu'a. Na raɓa gefe na durƙusa.

"Wanda ya yi wa Malam wannan aika-aika, Allah Ka tona asirinsa!"

Na ce amin. Don a san surukin kirki ya iso, tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

"Allah Ka kumbura masa ciki!"

"Amin ya Rabbi!" Har da shafa fuska.

Sannan na raɗa wa na kusa da ni, "Wai me aka yi ne?"

Ya ce, "Sammu aka kafa wa Malam a gona." Ya nuna tsakiyar tabarma. Karare ne da jan ƙyalle, kowanne da rubutun hannuna.

In na yi shiru, ranar da na kawo leburori haƙa, aure ya ruguje. Sai na ce, "Allah gafarta Malam, ni ne. Ba sammu ba ne, alamar waya ce."

Malam ya dube ni, sannan ya ce, "To, ta farko dai an karɓa."

Har ladan sai da ya riƙe ciki don dariya.

An ɗaura auren. Waya kuwa titi ta bi, kwana bayan kwana. Tun daga ranar ba na jan layi sai na gaida mai gona, ba na cewa amin sai na ji kan zance. Amma har yau, in na ci wake cikina ya ɗauka, matata takan ce, "Sannu. Ta biyun ce, kuma da bakinka ka amsa."