Gaisuwar da Ta Tona Asirin Mista Sam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da gwiwoyina suka ci amanata ba. A ɗan karatun tarihin da na yi, ban ga daular da ta faɗi ba tare da wani na cikin gida ya zare wa maƙiyi sakata ba. Tawa daular, wato sirrin shan giyata, tarbiyya ce ta zare mata sakata, a wani ajin firamare a Gwagwalada.

Lokacin ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, ina da kujera mai juyawa da kwalba a ƙasan durowa. Likita ya duba sakamakon hantata, ya dube ni, ya ce tsakanina da hantar, ɗaya ya gaji da ɗaya. Magani kaɗai ba zai yi ba, in ji shi, sai in nemi taron masu ƙoƙarin dainawa, inda ake zama kowa ya faɗi halin da yake ciki. Akwai ɗaya a Wuse, bayan ofishinmu. Akwai wani a Gwagwalada, ranar Asabar bayan la'asar.

Wuse? Inda rabin dangin matata ke da shago? Hauwa ta sani, ta kuma rufa min asiri, amma ta gaya min ƙarara cewa ranar da maganar ta kai kunnen baffanta, hukunci ya fita daga hannunta. Baffa Sale, mai shagon atamfa a kasuwar Wuse, shi ya ba ni aurenta, kuma mutum ne da ko tari ya yi sai magidanta su gyara zama. Na zaɓi Gwagwalada.

Na ajiye kaftani, na sa wandon jins da tumbina ya daɗe da yi wa sallama, da hular hana-sallah, da takalmi kambas mai igiya. Motata ma na bar ta gida, na bi ta haya. Na tsara cewa sunana Sam, kuma Hausa ko "zo in kashe ka" ba na ji. (Daga Zuba har Tungan Maje ina gwada sunan a bakina, sai da na kusa da ni ya ɗan matsa.)

A ajin muka zauna kan kujerun yara, gwiwa na neman haɓa. Mai jagorantar zaman, Madam Ngozi, tsohuwar nas ce. Ta yi min maraba da Turanci, ta gaya min ƙa'ida: suna ɗaya ya isa, ba a tambayar aikin mutum ko gidansu, kuma in ka san wani a waje, a nan ba ka san shi ba. Na gyaɗa kai irin na wanda ya saba da dokoki. Na ce sunana Sam, da wani Turanci ta hanci da ko a jami'a ban yi ba.

Sai aka yi sallama daga bakin ƙofa. Wani dattijo ya shigo rungume da filas ɗin shayi da kofuna.

Baffa Sale.

Mai hankali zai ja hularsa ƙasa ya yi ta kallon allo. Ni kuwa ban san lokacin da na bar kujera ba. Na tsinci kaina tsugune, hula a hannu, ɗaya hannun yana kokawa da igiyar kambas, bakina kuma ya kama aikinsa da Hausar da babu gargada a cikinta.

"Barka da yamma, Baffa. An wuni lafiya? Ya kasuwa? Ya jama'ar shago, an samu shigowar atamfofin? Ya ƙafar Hajiya Babba? Hauwa na gaishe ku."

Mutumin da suka shekara da shekaru suna kira Baba kawai, na karanta musu sana'arsa da iyalinsa da ciwon matarsa a numfashi ɗaya, na haɗa da nawa.

Madam Ngozi ta sauke tabarau. "Oga Sam, ashe kana jin Hausa haka? Saura lambar gidansa, faɗa mana mu huta."

Wani daga baya ya shaƙe da dariya. Baffa ya ajiye filas a hankali, ya dube ni daga hula har safa.

"Lafiya lau, Mista Sam. Tashi ka sa takalminka, nan ba zaure ba ne."

Da zagaye ya zo kansa, ya ce sunansa Sale, ya daɗe rabonsa da giya, amma har yau ba ya bi ta layin da ake sayarwa. Da ya zo kaina, Sam ya riga ya rasu, sai na faɗi sunan da aka raɗa min, da abin da ya kawo ni. Ban taɓa jin muryata ta yi ƙanƙanta haka ba.

A motarsa muka dawo. Da muka wuce Tungan Maje na juyo wajensa.

"Baffa, me ya kawo ku har Gwagwalada?"

"Abin da ya kawo ka. Wuse nake gudu."

"To, Baffa, maganar Hauwa... don Allah kada dangi su ji."

"Abin da aka faɗa a ajin can, a can yake kwana. 'Yata kuma tana ɗakinta muddin ina ganinka ran Asabar."

Tun daga ranar nake zuwa, da kaftanina. Darasin da na ɗauka shi ne, wanda zai ɓad da kama ya fara da gwiwoyinsa, don su ba su san an canja suna ba. Na ma soma yi wa Baffa godiya a kan rufin asiri, sai ya katse ni, idonsa na kan titi.

"Wane asiri? Dangi sun sani tun ranar sunan 'yarka. Ragon suna ka tsaya kana yi wa jawabi da Turanci."